Yaron da ba ya amsa kira: gurbinsa a makaranta da rabonsa a sadakarmu

 

'Yan'uwa, a unguwanninmu na Paraku da Jugu kusan kowa ya san gidan da ake da irin yaron nan. Ya kai shekara huɗu ko biyar bai buɗe baki ba, ko kuwa abin da aka faɗa masa shi yake ta maimaitawa. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, amma ƙarar babur daga nesa sai ta sa ya toshe kunne. Zai jera murafen kwalba a layi, a taɓa ɗaya ya ɓarke da kuka har da birgima. Wasu su ce ɗan ruwa ne, wasu su ce aljanu ne, wasu su ce uwarsa ce ta sangarta shi. Likitoci suna kiran wannan lalura otizim, wasu Hausawa kuma suna cewa galahanga.

Wannan ba hauka ba ne, ba kuma a ɗaukarsa daga wani. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun daga ciki, kuma gado yana da babban kaso a ciki. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a 1943 bayan ya lura da yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi, an kuma fi gano shi ga maza. To mu yi lissafi: islamiyya mai ɗalibai 200 ya kamata a samu kamar biyu a cikinta. In ba mu gan su ba, suna gida an kulle musu ƙofa. Maganar cewa allurar rigakafi ce ke jawo shi kuwa ta samo asali ne daga wani rubutu da aka buga a Ingila a 1998, aka janye shi a 2010, aka kuma hana likitan da ya jagorance shi aiki. Kada a hana yara rigakafi saboda ita.

Matakin farko shi ne asibiti. A fara duba kunne, domin kurma ma ba ya amsa kira. A Paraku akwai asibitin koyarwa na Borgu, kuma ɗan Jugu zai yi tafiyar sama da kilomita 100 kafin ya iso, ga kuɗin mota ga na awo. Babu maganin da ke cire otizim, amma wasu daga cikin yaran suna da farfaɗiya, ita kuwa tana da magani. Addu'a da ruƙya ta shari'a ba mai hana su. Abin da muke hanawa shi ne a ɗaure yaro ko a dake shi wai ana korar aljani, ko a kwashe jarin uwa da alkawarin zai yi magana cikin kwana bakwai.

Yanzu ga abin da ya fi shafarmu, malamai da ɗalibai. Makarantar allo tana da wani tsari da ya dace da waɗannan yara ƙwarai: kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a wanke wa yaro sai ya riƙe. Maimaici da tsari ɗaya kullum, wanda ke gundurar wasu, shi ke kwantar wa mai otizim hankali, akwai ma masu saurin hadda a cikinsu. Abu biyu ke korarsu, hayaniya da bulala. Yara sittin suna ɗaga murya lokaci guda, a kunnensa kamar ana buga ƙarfe ne. In ya tashi ya gudu, ba rashin kunya ba ne. A zaunar da shi a gefe, wuri ɗaya kullum. A gajarta masa karatu, minti goma sannan ya huta. A ba shi umarni ɗaya a taƙaice, a nuna masa da hannu ko da hoto: ga buta, ga tabarma, ga allo. Kada a tilasta masa kallon ido, kada a hana shi kaɗa hannu in ba cutar da kowa yake ba. In za a canza malami ko lokaci, a sanar da shi tun da wuri. Ku kuma ɗalibai, sunan tsokana guda ɗaya ya isa ya sa uwa ta daina kawo ɗanta. Mu tuna Suratu Abasa ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, da ya zo neman sani, daga baya ya zama ladan a Madina.

Sai batun kuɗi. Mun saba da sadakar rana ɗaya, buhun shinkafa da azumi ko kayan salla. Madalla, amma bukatar wannan yaro ta wata-wata ce: kuɗin kabu-kabu, kuɗin ganin likita, da ɗan alawus na wanda zai zauna kusa da shi a aji. Uwa da yawa ta bar kasuwa saboda ba wanda za ta bar wa yaron. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina aji da zakka, ana damƙa ta ne ga wanda ya cancanta, don haka iyayen da suke matalauta ko bashin magani ya yi musu katutu suna da haƙƙi a cikinta kai tsaye. Albashin mataimakin malami, horar da shi da gyaran ɗaki kuwa, wannan aikin sadaka da wakafi ne. Mutum ashirin, kowa jaka ɗaya ta sefa a wata, sun haɗa sefa 20,000 ke nan, a rubuta a littafi, a karanta wa jama'a.

Akwai kuma taimakon da ba na aljihu ba, wato tsaya wa iyaye. Ƙasarmu Benin ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2012, ta kuma kafa doka mai lamba 2017-06 a watan Satumban 2017 don kare su, har da haƙƙin karatu. An soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati tun 2006. Sai dai uwar da ba ta jin Faransanci, in an ce mata babu gurbi, juyawa take ta tafi. Dattijo ɗaya daga kwamitin masallaci da matashi ɗaya mai karatun boko su raka ta wurin darakta, su raka ta ofishin jin daɗin jama'a wanda a da ake kira CPS, a rubuta sunan yaron. Magana cikin ladabi, da doka a hannu, tana buɗe ƙofa.

Ranar 2 ga Afrilu ita ce ranar otizim ta duniya tun 2008. Muna roƙon limamanmu su ware huɗubar Juma'ar da ta fi kusa da ita don wannan batu, a fassara da Hausa da Dendi. Kafin nan, malaman mata su zaga gidaje cikin sirri su gano yaran da ke zaune a ɗaka, ba tare da an ambaci sunan kowa a bainar jama'a ba.