Ɗantala da Nauyin Shiru a Lokacin Tarzoma

Littafin ƙagaggen labari mai suna Born on a Tuesday, wanda Elnathan John, lauya haifaffen Kaduna, ya rubuta da Turanci, kamfanin Cassava Republic kuma ya buga a shekarar 2015, ya ginu ne a kan wata tambaya mai wuyar amsawa, wato me ya wajaba a kan wanda ya ga ɓarna da idonsa alhali bakinsa na cin abinci a hannun masu yin ta. Jarumin labarin, Ɗantala, almajiri ne da ya gama karatu a wani gari mai suna Bayan Layi, amma maimakon ya koma gida sai ya raɓu da yaran da ke kwana a gindin kuka, waɗanda 'yan siyasa ke haya da ƴan kuɗi kaɗan a lokacin zaɓe. Da sakamako ya fito ba yadda iyayen gidansu suka so ba, sai aka tura su ƙone ofishin jam'iyyar da ta ci, aka yi kisa da hannun Ɗantala a ciki, shi kuma ya tsere Sakkwato.

Duk da cewa a Sakkwato mafi yawan labarin ya gudana, mutumin Ɗambatta ko Bichi ko Minjibir ba zai ga baƙon abu a cikinsa ba. Wannan yanki na arewacin Kano, wanda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin cunkoson jama'arsa tun shekarun 1960, ƙasa ce da ake noma kowace shekara ba hutu, da takin gida ake riƙe ta, gado kuma yana ta tsattsaga gonaki har wani magidanci ba ya noma abin da zai kai shi wata damina. Daga nan ci-rani ya samo ƙarfi, wato fita neman kuɗi ko karatu bayan an kai amfanin gona rumbu, kuma yaron da ya fita ba guzuri shi ne mafi arha a wurin mai neman ɗan banga. Tarihin Kano ya san haka tun rikicin jam'iyyun NEPU da NPC a shekarun 1950, da tarzomar Maitatsine ta Disambar 1980 wadda ta ci rayuka fiye da 4,000.

Inda marubucin ya fi nuna gwaninta shi ne zaman Ɗantala a masallacin Sheikh Jamal, malamin da ya ba shi wurin kwana da ilimi da mutunci. A can ne ya ga Malam Abdul-Nur, na hannun daman Sheikh, yana ɗibar kuɗi daga akwatin taimako, ya kuma riƙa ganin tabon duka a jikin abokinsa Jibril, ƙanin Abdul-Nur ɗin, amma ya ja bakinsa ya tsuke, domin yana tsoron kada magana ta raba shi da inuwar da ya samu. Mai karatu ba ya iya kiransa matsoraci kai tsaye, tunda ya san yunwar da yaron ya fito daga cikinta, ba ya kuma iya wanke shi, tunda wannan Abdul-Nur ɗin ne daga baya ya ɓalle ya kafa ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi. Manya ma ba su tsira ba, domin masallacin yana rayuwa ne da kuɗin ɗan siyasa Alhaji Usman, kuma da aka harbi Sheikh, sai mabiyansa suka far wa 'yan Shi'a tun kafin a tabbatar da mai laifi, alhali 'yan'uwan Ɗantala na ciki ɗaya suna cikin Shi'ar.

Ƙarshen littafin ya ɗan yi gaggawa, kisan Sheikh da tsare Ɗantala a hannun sojoji suka zo a jere ba tare da an ba mai karatu sararin numfashi ba. Wani cikas ɗin kuma shi ne harshe, domin almajirai da 'yan ci-ranin da aka zana rayuwarsu ba da Turanci suke karatu ba, ko da yake littafin ya kai zagayen ƙarshe na gasar adabi ta NLNG a 2016, ya kuma sami lambar Betty Trask a Ingila a 2017.