Kallon Fim a Lokacin Hutu: Abin da Muka Gani a Gidanmu

Kowace shekara idan an koma makaranta a watan Janairu, mu malamai mukan tambayi yara abin da suka yi da hutunsu. A da, wani yakan ce ya je ƙauye wurin kakarsa, wani ya ce ya taya babansa sussukar dawa. Yanzu kuwa amsar kusan ɗaya ce: "Malam, kallo muka yi." Idan muka ce, "To, ba mu labarin fim ɗaya daga cikin waɗanda ka kalla," sai yaro ya sunkuyar da kai. Ya tuna an yi faɗa, an harbi wani, mota ta kama wuta. Amma wane ne ya yi faɗan, kuma a kan me, bai sani ba. Mako uku ke nan idonsa yana kan waya, ya dawo aji yana gyangyaɗi, bai riƙe kome ba.

Ba mu da bakin zargin kowa, gama 'ya'yanmu ma haka suke yi. Saboda haka a hutun Kirsimatin da ya wuce muka shawarta da uwargida mu gwada wata hanya dabam. Ga abin da muka yi, da abin da muka gani.

Kallo a da, kallo a yau

Iyayenmu sun ba mu labarin majigi. Motar gwamnati takan zo gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna hotunan noman auduga da tsabtar gida, wani mutum yana bayani da Hausa. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. A 1990 kuma aka yi Turmin Danya a Kano, daga nan finafinan Hausa na kaset suka fara yaɗuwa. Mu da muka tashi a lokacin kaset mun tuna yadda mukan cika ɗakin maƙwabci mai bidiyo, wasu a ƙasa, wasu ta taga.

A dukan waɗannan lokatai, kallo abu ne na taro. Babba yana wurin. Idan an nuna abin da bai dace ba, yakan yi gyaran murya, ko ya kori yara. Idan an tashi, a kwana biyu ana muhawara a kan labarin. Yau yaro yana shiga bargo da waya shi kaɗai, ba wanda ya san abin da yake gani, ba kuma wanda zai tambaye shi. Wannan shi ne abin da ya canza, shi ne kuma muka so mu gyara a gidanmu.

Dokokin da muka kafa

Muka sayi littafin rubutu mai shafi 40. Muka ce fim ɗaya za a kalla a mako, ran Jumma'a bayan tuwon dare, a telebijin na falo, kowa yana zaune, har da Kaka da 'ya'yan ƙanenmu biyu da suka zo hutu. Mu iyaye za mu fara kallon fim ɗin kafin ranar. Bayan kallo kowane yaro zai rubuta layi biyar a kan tambayoyi uku: Mene ne ya faru? Wane ne ya yi daidai, wane ne ya yi kuskure? Wane abu ne a ciki ba ka yarda zai iya faruwa ba? Wanda bai iya rubutu ba tukuna zai faɗa da baki, yayarsa ta rubuta masa. Wayoyi kuwa za su kwana a ɗakinmu daga ƙarfe tara.

Lalle an yi gunaguni. Babban ɗanmu ya ce, "Baba, ashe hutun ma makaranta ce?" Muka ce masa ya yi haƙuri ya ga na farko.

Na farko: yaron da ya sa iska aiki

Sunan fim ɗin The Boy Who Harnessed the Wind, ya fito a 2019. Chiwetel Ejiofor, wanda aka haifa a Landan amma iyayensa 'yan Nijeriya ne, shi ya shirya shi, shi ne kuma ya fito a matsayin uban yaron. Labarin gaskiya ne na William Kamkwamba, ɗan ƙauyen Wimbe a ƙasar Malawi. A yunwar da aka yi a ƙasar a 2001 zuwa 2002, iyayensa suka kāsa biyan kuɗin makaranta, aka kore shi. Bai zauna ba. Ya riƙa zuwa ɗan ƙaramin ɗakin karatu, inda ya sami wani littafi mai hoton injin da iska take juyawa ya ba da wutar lantarki. Da tarkacen juji, da fankar tsohuwar tarakta, da keken babansa, ya haɗa nasa. Shekarunsa 14 a lokacin.

Ana magana a fim ɗin da Turanci da harshen Ciciwa, amma Kaka ba ta bukaci fassara ba. Sa'ad da aka nuna iyalin suna cin abinci sau ɗaya a yini, sai ta fara ba yara labarin farin 1973, yadda mutane da dabbobi suka gangaro daga arewa suna neman abinci. 'Ya'yanmu ba su taɓa jin wannan labari daga bakinta ba. Wannan kaɗai ya biya mu kuɗin man janareta.

Muhawara ta tashi a kan uban. Da farko ya ƙi ba da kekensa, gama shi ne dukiyar da ta rage masa. Yara suka ce mugu ne. Mahaifiyarsu ta ce su sa kansu a matsayinsa: wa zai yarda a yanka kekensa a tsakiyar yunwa saboda maganar yaro? Daga baya babbar 'yarmu ta rubuta cewa uban ba mugu ba ne, tsoro yake ji.

Akwai abin da ya kamata a sani. A fim, injin ya jawo ruwa daga rijiya nan da nan, aka yi noman rani. A zahiri, injin farko da William ya yi ƙwayayen fitila da rediyo ya kunna a gidansu. Na jawo ruwa sai daga baya. Muka nuna wa yara cewa ko fim na labarin gaskiya yakan haɗa abubuwa domin labari ya yi daɗi. William ya gama jami'ar Dartmouth a Amurka a 2014. Fim ɗin ya dace da yara daga shekara 10, amma akwai wurin wawason hatsi da mutuwar karen yaron, waɗanda suka sa autarmu kuka.

Na biyu: wanda ya taɓa mu malamai

Taare Zameen Par fim ne na Indiya na 2007, ma'anar sunan ita ce taurari a bisa ƙasa. Aamir Khan ya shirya shi, ya kuma fito a matsayin malamin zane. Labarin Ishaan ne, yaro ɗan shekara 8 wanda ba ya iya karatu. Haruffa suna rikice masa, yana rubuta b a wurin d. Malamai suna ce masa malalaci, babansa ya kai shi makarantar kwana domin a hore shi, yaron ya daina magana da kowa. Sabon malami ya duba littattafansa, ya ga kuskuren iri ɗaya ne kullum, ya gane yaron yana da matsalar gane haruffa, wadda likitoci ke kira disleksiya. Wannan matsala ba rashin basira ba ce, ba kuma taurin kai ba ne.

A nan dole mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Akwai wani yaro a ajinmu na huɗu wanda shekara guda muna fama da shi. Idan aka yi tambaya da baki, shi ne na farkon ɗaga hannu, amsarsa kuwa daidai. Idan aka ce ya karanta a allo, sai ya tsaya kamar gunki. Mun sa shi durƙuso, mun yi masa bulala, mun rubuta a takardar sakamakonsa cewa ba ya mai da hankali. Muna cikin kallo sai ɗanmu na biyu ya juyo ya ce, "Baba, ba haka wane yake yi ba?" Ba mu iya amsa masa ba. A daren nan barci ya yi mana wuya.

Washegari muka ɗauko littattafan yaron daga cikin waɗanda muka zo da su gida domin dubawa. Ga b da d a juye, ga 6 da 9 a juye, shafi bayan shafi. Mu ba likitoci ba ne, ba za mu sa wa abin suna ba. Amma mun je gidansu kafin hutu ya ƙare, muka roƙi iyayensa su ajiye bulala kamar yadda mu ma muka ajiye, muka kuma nemi gafarar yaron. Tun da aka koma, muna zama da shi minti 20 bayan an tashi, yana zana haruffa da yatsa a kan yashi yana faɗin sautinsu. Tafiyar a hankali take, amma ya daina ɓuya a bayan aji.

Laifin fim ɗin biyu ne. Ya yi tsawo, ya wuce awa biyu da rabi, waƙoƙi kuma da yawa. Sa'an nan ya nuna kamar yaron ya warke cikin 'yan watanni, alhali irin wannan aiki yakan ɗauki shekaru. Duk da haka muna roƙon kowane malami da kowane uba mai saurin hannu ya kalle shi.

Na uku: yarinyar Katwe

Queen of Katwe ya fito a 2016, Mira Nair ce ta shirya shi. Shi ma labarin gaskiya ne, na Phiona Mutesi, marainiya daga Katwe, unguwar talakawa a Kampala, babban birnin Uganda. Tana tallan masara domin ta taimaki mahaifiyarta. Wata rana ta bi ɗan'uwanta zuwa wurin da Robert Katende, ma'aikacin wata ƙungiyar Kirista ta wasanni, yake koya wa yara darar Turawa, yana kuma ba su kunu. Kunun ne ya fara kai ta, amma ba a daɗe ba ta fi kowa iya wasan. A 2010 ta wakilci ƙasarta a babbar gasar duniya a Rasha.

Uwargida ta fi son uwar, wadda Lupita Nyong'o ta fito a matsayinta: gwauruwa da aka kora daga ɗakin haya da 'ya'yanta, amma ta ƙi sayar da mutuncinta domin abinci. Yara kuwa sun yi gardama a kan lokacin da Phiona ta dawo daga tafiya ta fara raina aikin gida. Ɗan ƙanenmu ya rubuta cewa wanda ya ga birni bai kamata ya manta da wanda ya sayar da zanensa domin shi ba. Kwana biyu bayan haka muka tarar da su a ƙarƙashin mangwaro sun haƙa gurabun dara, Kaka tana koya musu irin tamu ta gargajiya. Wannan fim kowa a gida zai iya kallonsa.

Wanda muka kashe

Akwai na huɗu da ba mu gama ba. Yara ne suka kawo shi, fim ɗin faɗa da aka fassara da Hausa, mu kuwa muka yi sakaci ba mu duba shi tukuna ba. Kafin minti 15 an kashe mutum huɗu, mai fassara kuma yana ƙara ashar da ba'a domin a yi dariya. Muka kashe, muka gaya musu dalili, muka ce su rubuta ko sun yarda da mu. Biyu sun yarda, babban bai yarda ba. Ya rubuta cewa ai kowa ya san wasa ne. Muka tambaye shi ko autarmu 'yar shekara 6 ta san wasa ne. Ya yi shiru, amma bai goge abin da ya rubuta ba, mu ma ba mu tilasta shi ba.

Shawara ga iyaye

Hana kallo gaba ɗaya ba ya yiwuwa, gama yaron da aka hana a gida zai gani a gidan abokinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku duba lambar shekarun da ake sa wa fim, irin su 12 da 15 da 18. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ita take sa su, amma lamba ba ta san ɗanku kamar yadda kuka san shi ba. Ku fara kallo kafin yara. Ku zauna tare da su har ƙarshe. Ku yi tambaya, ku kuma bar su su amsa, ko da amsar ba ta yi muku daɗi ba. Idan ba ku jin Turanci, ku sa yaro ya fassara muku, gama ta haka za ku san ko ya gane. Inda babu wuta, gida biyu ko uku za su iya haɗa kuɗin mai su kalla tare.

Littafinmu na rubutu yana nan, an cika shafi 17. Yara sun riga sun rubuta sunayen finafinai biyu a shafi na gaba domin hutun Ista, suna jira mu duba su. Idan kun gwada wannan a gidanku, ku rubuto wa mujallar nan ku gaya mana abin da kuka kalla, da abin da 'ya'yanku suka ce.