Ina Ake Kai Ƙara? Mayar da Shari'a Daga Wata Kotu Zuwa Wata

Sau da yawa akan cuɗa mayar da ƙara da ɗaukaka ƙara, alhali kuwa hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ɗaukaka ƙara sai bayan hukunci, ga kotun da ke sama. Mayarwa kuwa ana yin ta ne shari'a tana tsaka, watau a ɗauke ta daga gaban wani alƙali a kai gaban wani.

Alal misali, a ce wani manomi a Kajiji, cikin Ƙaramar Hukumar Shagari, yana bin wani falke mazaunin Boɗinga kuɗin hatsi. Ina zai kai ƙara? Malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna wannan mas'ala. Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426, ya nuna a cikin Tuhfatul Hukkam cewa mashhurin zance shi ne a yi shari'a a inda wanda ake ƙara yake, bashi kuwa a neme shi duk inda aka riski mai shi. Hikimar a fili take: da mai ƙara ke zaɓen mahukunta, da sammaci ya zama bulala, mutum ya bar gonarsa tsakiyar damina yana safa da marwa a kan da'awar da ba a tabbatar ba. Amma Ibnul Majishun ya ga cewa gardamar ƙasa a yi ta inda ƙasar take, kuma a nan dokar kotunan Arewa ta bi ra'ayinsa. Ra'ayin yana da ƙarfi, domin dattawan da suka san iyakar gona maƙwabtanta ne, alƙali kuma yakan bukaci ya taka ya gani da idonsa.

A zamanin Turawa, Razdan da Di'o ke da ikon shiga kotun alƙali su duba littattafai, su ɗauke shari'a su kai wata kotu. Dokar 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ta raba kotuna da En'e, ta soke kotunan sarakuna, ta ɗora wannan aiki a kan sufetocin kotuna. A shekarar 2000 kuma Jihar Sakkwato ta kafa kotunan Shari'ar Musulunci.

Dalilan mayarwa sanannu ne: rashin hurumi, ko dangantaka tsakanin alƙali da ɗaya daga cikin masu shari'a, ko nisan shaidu. Sai dai abin yana da tsada. Galibi sabon alƙali daga farko yake somawa, a sake kiran shaidu, a sake biyan kuɗin mota. Saboda haka mai hali, in ya ga hujja ta juya masa baya, yakan nemi a mayar da ƙara don kawai ya gajiyar da abokin shari'arsa, har manomin nan na Kajiji ya lissafa kuɗin zirga-zirga ya tarar sun kusa cinye bashin da yake bi.