Ƙwan fitila da wayoyin gida: abubuwan mamaki a taƙaice

A garin Livermore na jihar Kalifoniya a Amurka, akwai ƙwan fitila a ofishin 'yan kwana-kwana da yake ci tun 1901. In ban da 'yan lokutan da wuta ta yanke ko aka sauya masa mazauni, bai taɓa hutawa ba. Ƙarfinsa yanzu bai wuce wat 4 ba, ba ya ɗaukar zafi sosai, kuma ba a yi masa kashe-kunna.

Kashe-kunnar nan ita ce ajalin tsohon ƙwai mai zare a ciki. Idan zaren ya huce, wutar da yake zuƙa a ƙiftawar ido ta farko takan ninka wadda yake sha bayan ya yi zafi kusan sau goma. Shi ya sa yawanci da an danna makunni yake yin fat, ya mutu. Akwai kuma hannun mutane a gajeren kwanansa. A Disambar 1924 manyan kamfanonin ƙera ƙwai, ciki har da Osram da Philips, suka haɗu a Janiba suka ƙulla ƙawancen Phoebus, suka yanke cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000, wanda nasa ya zarce a ci shi tara. Yaƙin duniya na biyu ne ya tarwatsa su.

Wanda zai je sayen sabo, ya fara duba gindin tsohon. Mai murɗawa E27 ne, faɗinsa milimita 27, harafin E kuma daga sunan Edison ne. Mai fil biyu da ake dannawa a ɗan juya B22 ne, gadon Ingila. Ɗan siririn da ke cikin firji yawanci E14 ne. Na Amurka E26 ne, yakan shiga holdar E27 lafiya lau, amma in an yi shi don bolt 120 kaɗai aka sa masa 230 irin na Najeriya, nan take zai ƙone. A jiragen ƙarƙashin ƙasa na New York an taɓa sa ƙwai masu murɗin hagu, don ɓarawo ko ya kwance ba zai shiga holdar gidansa ba.

Wat ba ma'aunin haske ba ne, ma'aunin cin wuta ne. Haske da lumen ake auna shi. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen kusan 800, LED mai wat 9 ma haka, domin fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutar da tsohon ke ci zafi take zama. Lambar da ke ƙarewa da K kuwa launi take nufi: 2700K ruwan ɗorawa, 6500K fari tas.

Farin LED asalinsa shuɗi ne, an shafa masa wani sinadari rawaya. Akasaki da Amano da Nakamura, da suka samar da shuɗin, sun karɓi kyautar Nobel a 2014. Zafi ne babban maƙiyin ƙwan LED. In aka rufe shi cikin gilashi babu iska, ga bazarar Kano ko Damagaram, 'yan kayan da ke gindinsa kan dahu tun kafin ya ci rabin kwanakin da aka rubuta a kwalinsa.

Ga wanda ya fi damuna. Sai a kashe makunni da dare, a ga ƙwan LED yana ɗan haske dishi-dishi, ko yana ƙyalli jifa-jifa. Wani lokaci 'yar fitilar jikin makunnin ce ke tsiyaya masa wuta, wannan da sauƙi. Amma sau da yawa wanda ya yi wayarin ne ya ɗora makunnin a kan wayar nutural maimakon layif. Fitila ta mutu, amma holda cike take da wuta, wanda ya hau kujera zai sauya ƙwai hankali kwance shi za ta ja. Launin waya ma ba abin dogaro ba ne: a tsohon tsarin Ingila da ke gidajenmu da yawa baƙa ce nutural, a Amurka baƙa ce mai wuta. Testa ce ke raba gardama.

In aka ga fitilun wani ɗaki sun yi haske fiye da kima, na wani kuma sun dusashe, a gidan da ke kan layi uku ko a unguwa baki ɗaya, alama ce nutural ta tsinke. A irin wannan hali bolt kan tashi ya doshi 400, talabijin da firji su tafi a minti ɗaya. A kashe babban makunni tukuna, sannan a nemi mai gyara.

Ƙarnin kifi a ɗakin da ba a shiga da kifi ba, a shinshina soket. Robar wasu soket da makunnai haka take wari idan waya ta saki tana zafi a ciki, kuma daga nan gobara ke tashi.

Fiyus kuwa da gangan aka yi shi rarrauna, don ya tsinke kafin wayar bango ta yi zafi. Wanda ke cikin fulogi mai ƙafa uku ba ya wuce amfiya 13. Duk wanda ya naɗa masa wayar tagulla mai kauri don ya daina tsinkewa, ya mayar da zafin cikin bango da silin, inda ba mai gani sai hayaƙi ya fito.