Albashi Ya Gaza, Gida Bai Rushe Ba: Abin Da Ke Riƙe Iyalan Ma'aikata A Abuja

Kafin ƙarfe shida na safe, titin da ya taso daga Mararaba ya ratsa Nyanya zuwa cikin Abuja ya riga ya cushe. Haka abin yake ta ɓangaren Suleja da Kubwa. Da yawa daga cikin masu wannan sammako ma'aikatan gwamnatin tarayya ne da tsadar haya ta tura bayan gari, kuma lissafin da suke tafe da shi ya fi jakar da ke hannunsu nauyi.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin ya sauya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na shekarar. Gwamnati ta ba da ƙarin naira 35,000 na wucin gadi, sannan ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yuli na 2024. Amma kuɗin mota da na makaranta da hayar da ake biya ta shekara guda a dunƙule sun riga sun yi gaba.

Duk da haka, gidaje biyu masu albashi iri ɗaya ba sa fita daga wannan matsi iri ɗaya. Wani gidan ya koma fagen faɗa da zargi, wani kuma yana nan da walwalarsa ko da tukunya ta ragu.

Haƙuri daban, shiru daban

Bahaushe ya ce haƙuri maganin zaman duniya, sai dai magidanta da dama sun ɗauki haƙuri a matsayin ɓoye damuwa. Maigida ya ci bashi bai faɗa wa uwargida ba, ita kuma tana ganin cefane ya ragu, sai ta fara zargin ko hankalinsa ya koma wani wuri. Yara suna ganin fuska a ɗaure, ba su san dalili ba, sai su ɗora wa kansu laifin.

Abin da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna nunawa shi ne, juriyar iyali tana ginuwa ne a kan magana a buɗe da kuma ɗaukar matsala a matsayin ta kowa. Gidan da miji da mata suke zama a farkon wata, su baje albashi da basussuka, su yanke abin da za a fara biya da wanda zai jira, ya rage rabin rigimar da ke jiran ƙarshen wata. Yara ma a gaya musu gaskiya daidai shekarunsu: za a sauya makaranta saboda kuɗi, ba don sun yi laifi ba.

Iyakar taimako

Ga dangin da ke Funtuwa ko Azare, duk mai aiki a Abuja ya samu duniya. Wayar ma'aikaci ba ta hutawa: asibiti, biki, taki, kuɗin jarrabawa. Zumunci wajibi ne, amma wanda ya ci bashin ruwa a manhajar waya don kada a ce ya yi rowa, ya sayi suna da kwanciyar hankalin 'ya'yansa. Masu dabara suna ware wani kaso sananne na wata-wata, su sanar da 'yan uwa iyakarsa, sannan su nemi a raba ɗawainiyar iyaye tsakanin duk masu samu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haka nan adashe da ƙungiyoyin gama kai na ma'aikatu, waɗanda ke cire ajiya daga albashi su ba da rance mai sauƙi, sun fi ƙarfin batun kuɗi kawai. Suna ba mutum abokan shawara da suka san halin da yake ciki. Wanda ya janye daga majalisa da masallaci ko coci saboda kunyar rashi, ya yanke igiyar da za a jawo shi da ita.

Idan jiki ya fara magana

Rashin barci na makonni, saurin fushi, ciwon kai da ba ya jin magani, da ƙin abin da a da ake jin daɗinsa, alamu ne da ba a raina su. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa gajiyar da matsin aiki na dogon lokaci ke haifarwa matsala ce ta gaske, kuma tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako.

A watan Janairu na 2023 tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma haramta nuna wariya ga masu irin wannan lalura. Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja yana da sashen da ke duba su, akwai kuma asibitocin tarayya na musamman a Kaduna da Kware da Maiduguri. Ganin likita ba raunin imani ba ne, kamar yadda auna hawan jini bai saɓa wa tawakkali ba.

Wannan duka bai sauke wa gwamnati nauyin biyan albashin da zai riƙe gida ba, kuma ƙungiyoyin ƙwadago na da hurumin ci gaba da neman hakan. Amma kafin farashi ya sauko, ana bukatar gidan ya kasance a tsaye, mutanen cikinsa kuma suna magana da juna.