Shirya Muhallin Gina Tsarin Gudanarwa na Ƙananan Na'urori da Matsayin Harshe a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake shirya muhallin da ake gina tsarin gudanarwa na ƙananan na'urori a cikinsa, tare da nuna inda lamarin ya shafi masu nazarin harsuna. Abin nufi da ƙananan na'urori a nan shi ne irin su akwatin rarraba intanet da allon mota da na'urorin asibiti, waɗanda kwamfuta ce dashe a cikinsu domin aiki ƙayyadadde. An ɗauki Yocto a matsayin misali, wato shirin da Gidauniyar Linux ta ƙaddamar a shekarar 2010, kuma bayanin ya dogara ne a kan fitowarsa ta 5.0 mai suna Scarthgap, ta watan Afrilun 2024.

2.0 Ma'anar Muhallin Gini

Ƙaramar na'ura ba ta da ƙarfi ko ma'ajiyar da za ta gina wa kanta manhaja. Saboda haka akan yi ginin a babbar kwamfuta mai amfani da Linux, sannan a ɗura sakamakon a cikin na'urar. Sau da yawa ƙwaƙwalwar kwamfutocin biyu ba iri ɗaya ba ce. Babbar kan kasance ta zuriyar x86, ƙaramar kuwa ta ARM. Don haka sai an fara samar da mafassara ta musamman, wadda ke aiki a kan ta farko tana fitar da umarnin da ta biyu ke ganewa. Wannan mafassara da sauran kayan aiki da fayilolin zaɓi su ne muhallin gini.

3.0 Matakan Shiri

Da farko magini zai sauko da Poky, wanda ya ƙunshi injin gini mai suna BitBake da tarin takardun umarni na OpenEmbedded. Kowace takarda tana faɗin inda za a samo wata manhaja da yadda za a harhaɗa ta. Daga nan sai ya kira oe-init-build-env, wanda zai buɗe masa jakar aiki mai ɗauke da muhimman fayiloli biyu.

Na farko shi ne bblayers.conf. A cikinsa ake jera rukunonin takardun umarni, waɗanda aka tsara hawa-hawa: hawa na tushe, da na kamfanin da ya ƙera na'urar, da na maginin kansa. Hikimar haka ita ce a yi gyara a hawa na sama ba tare da an taɓa na ƙasa ba.

Na biyu shi ne local.conf, inda ake rubuta zaɓi. Layin MACHINE yana ambata na'urar da ake yi wa gini, DISTRO yana ƙayyade manufofin tsarin, DL_DIR kuma yana nuna ma'ajiyar abin da aka sauko da shi. Idan an kammala, sai a umarci BitBake ya fara. Shi kuma zai ɗauko kowace manhaja, ya warware ta, ya yi mata faci, ya fassara, ya ƙunshe, daga bisani ya cure su duka a fayil guda da za a ɗura a na'urar. Ginin farko kan ɗauki sa'o'i, amma na gaba ya fi sauri domin akan adana abin da aka riga aka gina.

4.0 Matsayin Harshe

Ƙa'idar wannan muhalli ita ce duk abin da ba a ambata ba, ba zai shiga na'ura ba, kuma harshe ma bai tsira daga wannan ƙa'ida ba. Layin IMAGE_LINGUAS ne ke faɗin harsunan da za a saka, kuma zaɓinsa na asali Ingilishi ne. Alhali kuwa taskar glibc, wadda tsarin ya dogara a kanta, tana da bayanan Hausa da Ibo da Yarbanci a ƙarƙashin ha_NG da ig_NG da yo_NG, waɗanda suka ƙunshi sunayen ranaku da watanni da jerin haruffa. Haka nan Unicode ya ba haruffa masu ƙugiya lambobinsu: ɓ tana da 0253, ɗ 0257, ƙ kuma 0199. To amma idan ba a saka zubin rubutu mai ɗauke da su ba, sai allo ya nuna murabba'i fanko a gurbinsu, ko kuma a tilasta wa marubuci sauke ƙugiya, har ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa shigar harshe cikin na'ura ta rataya ne a kan 'yan layuka da magini ke rubutawa kafin a fara gini. Ya kamata sassan nazarin harsunan Nijeriya su haɗa kai da na kimiyyar kwamfuta wajen tantance waɗannan bayanai da samar da hawa guda na harsunanmu, wanda kowane magini zai iya ɗorawa a kan aikinsa.