HANYOYIN DA IDO BA YA GANI A CIKIN WAYAR HANNU

Ɗan Adarawo da ke neman abinci a Agege ko Sabon Ibadan, in ya so jin muryar iyalinsa a Yola, wayar hannu yake ɗauka. Abin da ke sarrafa wayar nan kuwa wani ɗan ƙanƙanin allo ne na silikon, bai fi farce girma ba, wanda masu gyara ke kira aisi. In ya mutu, mai gyara a kasuwar Jimeta ba ya iya buɗe shi, sai dai ya sake wani.

A 1971 kamfanin Intel na Amurka ya fito da aisi mai taransista 2,300, watau ƙananan makunnan lantarki. Na yau suna ɗauke da biliyoyi. Babban aikin shi ne haɗa su da siraran wayoyi ba tare da wata ta taɓa wata ba, domin taɓawa ɗaya tak tana iya lalata allon duka. Hannun mutum ba zai iya ba, sai kwamfuta.

A 1961 wani masani mai suna C. Y. Lee ya kawo dabara. Ana raba allon gida-gida kamar gurbin dara. Daga inda waya za ta tashi, kwamfuta ta sa wa gidajen da ke maƙwabtaka lamba 1, na gaba 2, na gabansu 3, tana ta bazuwa tana kewaye shinge kamar ambaliyar Binuwai a fadama, har ta isa inda ake nufi. Sa'an nan ta bi lambobin da baya. In dai akwai hanya, to, sai ta samo ta, kuma mafi gajarta. Aibinta shi ne cin lokaci. Don haka a 1969 Hightower ya kawo ta harba miƙaƙƙun layuka daga ɓangarorin biyu har su gamu. Wannan ta fi sauri, amma takan rasa hanya alhali akwai ta.

Yanzu aikin hawa biyu ne. Da farko a raba wa kowace waya unguwannin da za ta ratsa don gudun cunkoso, daga baya a shata mata ainihin layinta. Wayoyin kuma bene-bene ake jera su, sau da yawa fiye da hawa 10, wani hawan gabas da yamma, na samansa kudu da arewa. In hanya ta toshe, a tumɓuke wasu a sake shimfiɗawa.

Gina masana'antar aisi sai ƙasa mai ɗimbin dukiya, amma zanen ba ya bukatar kome sai kwamfuta da lissafi, har ma akwai manhajojin kyauta. Jami'ar Modibbo Adama ta Yola, wadda aka kafa a 1981, tana koyar da injiniyan lantarki. Iyayen da ke aika kuɗin makaranta gida daga kudu su dage wa yaransu da lissafi. Allah Ya ba da sa'a.